Amsa: Ko in kai ɗana a auna hazaƙarsa?

'Yar'uwa, Allah Ya raya miki shi. Kin ce shekararsa huɗu, ya fara haɗa baƙi da kansa, ya haddace surori da dama, shi ne kike tunanin kai shi gwajin basira. Ni dai shawarata ki ɗan dakata.

Gwajin da aka fi yi wa ƙananan yara shi ne WPPSI, daga shekara 2 da rabi zuwa 7 da 'yan watanni. Sai dai makin ɗan shekara huɗu bai cika tsayawa wuri ɗaya ba. Yunwa, barci, ko kunyar baƙon da ke tambayarsa, kowanne na iya rage masa maki. Abin da ya fi damuna kuma, a Amurka aka tsara shi, da Turanci, a kan yaran can. Yaron da ya tashi da Hausa yana iya sanin amsa sarai, tambayar ce bai gane ba. In ya kai shekara 6 akwai wani gwajin mai suna WISC, lokacin sakamako ya fi zama abin dogaro.

Sannan ko an ce ya haura maki 130, wato makin da ake ɗauka alamar hazaƙa sosai, me za ki sauya yanzu? Makarantar masu hazaƙa ta tarayya da ke Suleja ta sakandare ce, kuma da jarrabawar NECO ake shiga.

Inda zan ce ki hanzarta shi ne in ya fara ƙin makaranta, kullum kuka, malamai suna cewa ba ya zama. To nan ki nemi masanin halayyar yara. Kafin nan, roƙi malamarsa ta ƙara masa aikin da ya ɗara na ajinsu. Kuma don Allah a rage sa shi karatu gaban baƙi, yana gajiyar da yaro.