Kajina Suna Ci Amma Suna Ramewa

Tambaya: Kajina suna yawon kiwo a bayan gida, suna cin abinci sosai, amma kullum ramewa suke yi, har na ga farar tsutsa a kashinsu. Mene ne mafita? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, wannan tsutsar ciki ce, kuma kaza tana haɗiye ƙwanta ne idan tana tonon ƙasar da kashin wata kazar ya ɓata, musamman da damina. Maganin piperazine yana kashe doguwar tsutsar nan, amma ba ya taɓa mai faɗi wadda ake samu ta cin tururuwa da ƙudaje, don haka gara ki kai wa likitan dabbobi kashin ya duba kafin ki sayi magani.

Ki kuma lura da zankonsu. Idan ya koɗe ya yi fari, to wataƙila cutar jini ce wadda sauro ko kaska ke sa musu, domin kaskar kaji tana ɓuya a tsagin bangon akurki da rana, sai dare ta fito ta sha jini. Ki yaɓe tsagogin, ki riƙa share akurkin.