Tambayi Likita: Cutar Lalacewar Gaban Ƙwaƙwalwa da Inda Binciken Masana Ya Kai a Kanta

Tambayoyin wannan mako duka sun shafi cuta guda, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da FTD, wato lalacewar sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi tare da sassan da ke gefe daidai saitin kunnuwa.

Tambaya daga wata matar aure a Kaduna: Likita, maigidana shekararsa 54. Tun bara halinsa ya sauya. Yana yi wa baƙi maganar da ba ta dace ba, yana cin kayan zaƙi ba ƙaƙƙautawa, kuma da 'yarmu ta kwanta asibiti ko a jikinsa. Amma bai manta hanya ko sunan kowa ba. Danginsa sun ce sammu ne, likita kuma ya ce yana zargin FTD. Wanne zan kama?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Ba zan iya yanke hukunci a kan wanda ban duba ba, amma abin da kika zayyana ya isa a ɗauki zargin likitan da muhimmanci. Gaban ƙwaƙwalwa shi ne mazaunin kunya, tausayi, tsara al'amura da kame kai, saboda haka idan ƙwayoyinsa suka fara mutuwa, hali ne ke fara lalacewa, tunawa kuwa tana iya daɗewa lafiya lau. Wannan ne ya bambanta cutar da Alzheimer, wadda mantuwa ke yi wa jagora, kuma FTD ta fi kama mutane tsakanin shekara 45 zuwa 65, lokacin da suke tsakiyar ɗawainiyar iyali. Ƙa'idojin da aka wallafa a mujallar Brain a 2011 sun lissafa alamomi shida: rashin kunya, mutuwar zuciya, gushewar tausayi, maimaita abu ɗaya babu dalili, sauyin cin abinci, da gazawa wajen tsara al'amura alhali tunawa ba ta taɓu sosai ba. Idan uku suka haɗu kuma suna ƙaruwa, sai a fara zargi. Kin ambaci uku.

Duk da haka, kafin a tsaya a kan wannan suna, wajibi ne a kore cututtukan da ke kama da ita kuma suke da magani: ƙari a gaban ƙwaƙwalwa, matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, cutar ƙanjamau, tunjere, da ciwon damuwa mai tsanani. Ki nemi a tura shi wurin likitan jijiyoyi ko na ƙwaƙwalwa, a gwada jini, a ɗauki hoton MRI. Addu'a ba ta hana wannan. Abin da nake roƙon danginsa shi ne kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada kuma a ɗora wa wani laifin da zai raba zumunci, domin mutumin nan bai san ya sauya ba, kuma rashin sanin ma yana cikin alamomin cutar.

Tambaya daga wani ɗalibin likitanci a Zariya: Malam, an ba ni aikin nazarin maƙalun da aka fi ambato a kan FTD. Waɗanne ne suka fi tasiri, kuma yawan ambato yana nufin ingancin bincike?

Amsa: Ɗana, idan ka bincika a rumbunan maƙalun bincike na intanet irin su PubMed, Scopus ko Google Scholar, za ka tarar da maƙalu iri biyu ne ke kan gaba, na ƙa'idojin gane cutar da na gano musabbabinta. Arnold Pick ne ya fara bayyana ta a birnin Prag a 1892, amma ta shafe kusan ƙarni guda ana ganinta a matsayin abin da ba kasafai ake haɗuwa da shi ba. Masanan Lund a Suwidin da na Manchesta a Ingila suka fitar da ƙa'idoji a 1994, David Neary da abokan aikinsa suka faɗaɗa su a 1998, sannan a 2011 aka samu maƙalar Katya Rascovsky a kan nau'in da ke taɓa hali, da ta Maria Luisa Gorno-Tempini a kan nau'in da ke taɓa magana. Ta fuskar musabbabi kuwa, an gano sauyi a ƙwayar gado ta MAPT a 1998, ta progranulin da furotin TDP-43 duka a 2006, sai C9orf72 a 2011, wadda ta tabbatar da dangantakar FTD da cutar shanyewar jijiyoyin motsi da ake kira ALS.

Yanzu ka lura da dalilin da ya sa maƙalun ƙa'idoji ke tara ambato dubbai. Duk mai binciken da ya tara marasa lafiya dole ne ya faɗi ma'aunin da ya zaɓe su da shi, don haka yana ambaton maƙalar ko ya yarda da ita ko yana da ja. Ƙa'idojin 1998 sun sha ambato, amma da aka gwada su a kan marasa lafiyar da binciken ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa ya tabbatar da cutar, kashi 53 cikin ɗari kawai suka kama, alhali na 2011 suka kama kashi 86. Ma'ana an shafe shekaru ana kafa hujja da ma'aunin da ke barin kusan rabin masu cutar a waje. Akwai ma misalin da ya fi wannan zafi a fagen Alzheimer, inda wata maƙala da mujallar Nature ta buga a 2006 ta samu ambato fiye da dubu biyu kafin a janye ta a 2024 saboda an taɓa hotunan gwajinta. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, wanda ke auna malami da yawan maƙalunsa da yawan ambaton da suka samu, yana da amfani, amma yana fifita wanda ya daɗe a fage da wanda ke cikin babbar tawaga, kuma tun 2012 sanarwar San Faransisko da ake kira DORA ta gargaɗi jami'o'i da su daina auna malami da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki. A ganina, ambato yana nuna inda hankalin masana ya karkata, amma inganci sai ka karanta yadda aka yi aikin, ka ga mutum nawa aka duba, kuma ko wasu sun maimaita gwajin sun samu sakamako iri ɗaya.

Akwai wani giɓi da nake so ka sa a aikinka. Mafi yawan waɗannan maƙalu daga Amurka da Turai suke fitowa, daga cibiyoyi irin su Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko, asibitin Mayo, da GENFI, haɗakar masu binciken FTD ta gado da ake jagoranta daga Landan, kuma galibin mutanen da aka duba Turawa ne. Sauyin C9orf72 ya yawaita a Finlan amma ya yi ƙaranci a gabashin Asiya, wanda ke nuna cewa ba a ɗaukar sakamakon wata al'umma a ɗora wa wata kai tsaye. Binciken Indiyanapolis da Ibadan da aka fara a 1992 ya nuna cewa Alzheimer ta fi ƙaranci a tsakanin tsofaffin Yarabawa fiye da baƙaƙen fatar Amurka, kuma wannan hujja ce cewa aikin da aka yi a gida yana iya sauya fahimtar duniya. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da aka tsara wa mai jin Turanci ba sa auna ɗan kasuwar da karatunsa na allo ne, kuma abin da ake kira rashin kunya a Landan ba shi ne ma'auninsa a Zariya ba. Mara lafiya goma da ka rubuta tarihinsu da kyau, da izinin iyalansu, abu ne da fagen nan ke buƙata.

Tambaya daga wani magidanci a Maraɗi: In dai an yi bincike mai yawa haka, me ya hana a samu magani? An ba yayata donepezil, sai rikicinta ya ƙaru.

Amsa: Malam, har yanzu babu maganin da aka amince yana tsayar da FTD. Babban dalili shi ne ba cuta ɗaya ba ce a cikin ƙwaƙwalwa: kusan rabin masu ita furotin TDP-43 ne ke taruwa, mafi yawan sauran furotin tau ne, kuma in ba an gano ƙwayar gado ba, da wuya a tantance wanne ne alhali mutum yana raye. Ga shi kuma yawanci sai an shafe shekara uku ko fiye kafin a gane cutar, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa masu bincike suka koma bibiyar iyalan da ke ɗauke da ƙwayar gadon, kuma a 2015 GENFI ta nuna cewa ana iya ganin sauyi a hoto da gwaji shekara biyar zuwa goma kafin lokacin da ake sa ran alamomi su bayyana.

Donepezil maganin Alzheimer ne, ba ya taimakon FTD, kuma an san yana iya ƙara rikici kamar yadda ka gani. Memantine, wani maganin Alzheimer ɗin, shi ma an gwada shi, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna bai yi amfani ba. Ku koma wurin likitanta ku faɗi abin da kuka lura da shi, shi ne zai janye maganin. Wasu magungunan damuwa irin su sertraline da trazodone suna rage yawan ci da maimaita abu ga wasu. Sauran aikin na gida ne: a karɓi ragamar kuɗi, a hana tuƙi, a tsara rana bisa tsari ɗaya, a daina gardama da ita, kuma a raba jinyar kada a bar ta a wuyan mutum ɗaya.

Tambaya daga wata matashiya a Jos: Mahaifina da ƙanensa duk sun yi wannan cuta. Ni ma zan gada?

Amsa: 'Yata, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu FTD suna da wani a dangi da ya yi ta ko makamanciyarta, kuma 'yan'uwa biyu a gida ɗaya dalili ne na zargin gado. Idan har an tabbatar mahaifinki yana ɗauke da sauyi a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon nan uku, wato MAPT, progranulin ko C9orf72, kowane ɗa nasa yana da yiwuwar gado rabi da rabi, amma sai an tabbatar tukuna. Gwajin daga mara lafiya ake fara shi, ba daga mai lafiya ba, kuma tun da babu rigakafi, ba na ba ki shawarar ki yi shi sai kin zauna da likita kin auna ko kina son sanin amsar. Abin da za ki iya yi yanzu shi ne ki tambayi manyan gida, ki rubuta waɗanda suka yi gigi, taɓin hankali a tsakiyar rayuwa, ko shanyewar jiki mai ƙaruwa sannu a hankali, da shekarun da abin ya fara musu, ki tafi da takardar wurin likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa da ke.