Dandalin Delacorte: gidan wasan da aka yi shari'a don kada a biya kuɗin shiga

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani dandalin wasan kwaikwayo a tsakiyar lambun shaƙatawa na birnin New York inda manyan taurari ke wasa kuma ba a karɓar ko sisi. Gaskiya ne? Yaya aka kafa shi, kuma wa ke ɗaukar nauyinsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunansa Delacorte, yana cikin lambun Central Park, ba shi da rufi, yana ɗaukar mutum wajen 1,800. An buɗe shi a watan Yuni na 1962. Amma kyautar nan da ka ji, sai da aka kai ruwa rana kafin ta tabbata.

Mai wannan aiki shi ne Joseph Papp, ɗan talakawa Yahudawa 'yan ci-rani, wanda aka haifa a unguwar Brooklyn a 1921. Ya taso ba shi da kuɗin shiga gidan wasa, a ɗakin karatu na gwamnati ya saba da rubuce-rubucen Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila. Daga nan ya riƙe ra'ayi guda har ya mutu a 1991: in littafi kyauta ne ga kowa a laburare, to wasan ma ya kamata ya zama haka. A 1954 ya haɗa ƙungiyarsa, suna wasa a ɗakin wani coci. Daga baya suka ɗora dandamali a bayan babbar mota suna zagaya unguwanni, har a 1957 suka yada zango a bakin wani ɗan tafki cikin Central Park.

Sai 1959 rigima ta tashi. Shugaban hukumar lambunan birnin, Robert Moses, mutum ne da ko magajin gari yana shakkarsa, shi ya shimfiɗa manyan tituna da gadojin New York da dama. Ya ce taron 'yan kallo na kashe ciyawa, don haka ko Papp ya sa kuɗin shiga a riƙa gyara, ko ya tattara ya bar wurin. Papp ya ce atafau. Ya kai ƙara, ya faɗi a kotun farko, ya ɗaukaka, kotun sama ta ce sharaɗin Moses ba shi da hujja. A nan ne abin ke burge ni. Moses da aka kayar bai tsaya riƙo ba, shi da kansa ya nemi birnin ya ware dala 250,000 a gina wa wasan mazauni na dindindin. Da kuɗin suka gaza, wani attajiri mai kamfanin buga littattafai, George Delacorte, ya cika da dala 150,000, shi ya sa wurin ke amsa sunansa. Wasan farko shi ne The Merchant of Venice na Shakespeare, da George C. Scott da James Earl Jones a ciki.

Ni da nake koyar da wasan kwaikwayo, abin da na fi so ɗalibaina su lura da shi shi ne layin tikiti. Tun da asuba mutane ke zuwa da tabarmi da kujerun ninkewa da filas na shayi, su jeru a gefen hanyar lambun har rana ta take, a ba kowa tikiti biyu. Direban tasi da lauya layi ɗaya suke bi. Da yamma kuma, bayan dandamalin ga tafki, ga wani ɗan ginin dutse mai kama da fada, Belvedere, a kan tudu, duhu na sauka ana tsakiyar wasa. Ruwan sama kan tsayar da wasa, a jira ya ɗauke a goge dandamali a ci gaba. A nan Meryl Streep ta yi wasa, haka Denzel Washington da Morgan Freeman a 1990, da Al Pacino a 2010.

Batun kuɗi kuwa, ƙungiyar da Papp ya bari, Public Theater, ita ke riƙe da wurin, da gudummawar attajirai da gidauniyoyi da tallafin birni, da kuma ribar wasanninta da suka yi kasuwa, irin su A Chorus Line da Hamilton. Ana keɓe wasu kujeru ga masu ba da gudummawa, abin da wasu ke ƙorafi a kai, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe, don duk kujerar da aka keɓe ta rage wa mai layin asuba. Dogaro da masu hannu da shuni ma yana da tasa matsalar: a 2017 wasu kamfanoni biyu suka janye tallafinsu saboda an shirya wasan Julius Caesar, aka ba shugaban da ake kashewa a cikinsa kamannin Shugaba Trump.

Ginin ya tsufa, ruwa da ƙanƙara sun ci katakonsa, sai aka rufe shi bayan kakar 2023 aka yi masa gagarumin gyara. An sake buɗe shi a watan Agusta na 2025 da wasan Twelfth Night, Lupita Nyong'o 'yar asalin Kenya na cikin jaruman, kuma har yanzu ba a sayar da tikitin layi.