Tambaya da Amsa: Haɗa jerin kalmomin Helenanci da Ibrananci da manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki

Tambaya: Ina shekara ta biyu a makarantar tauhidi. Na sa manhaja ta fito mini da dukan kalmomin Helenanci na Sabon Alkawari, sai ta jero mini dubbai. Daga ina zan kama? (Wani ɗalibi daga Bukuru)

Amsa: Ɗan'uwa, kada yawan ya karya maka gwiwa, domin ba duka za ka haddace ba. Sabon Alkawari na Helenanci yana da kalmomi kusan 138,000 idan an ƙirga kowace a duk inda ta fito, amma kalmomi mabambanta kusan 5,400 ne. A cikinsu kusan 2,000 sau ɗaya tak suka bayyana. Waɗanda suka fito sau 50 ko fiye kuwa ɗari uku ne da 'yan kai, su ne kuma suka cinye wajen kashi 80 cikin ɗari na nassin. Da su za ka fara.

Abin da ya fi tuntuɓar da ɗalibai shi ne bambanci tsakanin siffar kalma a cikin aya da asalinta na ƙamus, wanda manhajoji ke kira lemma. Aikatau ɗin erchomai, wato zuwa, yana fitowa a matsayin erchetai, ēlthen, eleusetai da sauransu. Idan ka bar manhaja ta jera bisa siffa, kowace ɗaya za ta ci layinta, jerin ya kumbura a banza. Saboda haka ka fara zaɓar jerawa bisa asali. A manhajar Logos, ka buɗe sabuwar takardar Word List, ka zuba mata kalmomi daga nassin Helenanci, ba daga fassara ba, sannan ka tsara su daga mai yawan fitowa zuwa ƙasa. A manhajar Accordance, ka nemi dukan kalmomi da alamar tauraro, ka buɗe Analysis, ka sa ya jera bisa adadi. Umarnin COUNT kuma yana ba ka damar ware, misali, waɗanda suka fito tsakanin sau 30 zuwa 49 kaɗai. Wanda aljihunsa bai kai ba, STEP Bible, wanda ya samo asali daga cibiyar Tyndale House da ke Kambirij a Ingila, kyauta ne, ana kuma iya sauke shi a yi aiki ba intanet.

Sai dai wannan kashi 80 yana ruɗin mutane. Babban rabonsa ƙananan kalmomi ne: ho, mai nuna takamaiman abu, ya fito kusan sau 20,000, kai mai ma'anar "da" kusan sau 9,000. A ayar da ke da kalmomi ashirin, huɗu za su rage maka ba ka sani ba, galibi kuma su ne masu ɗauke da nauyin zancen. Shi ya sa muke ba da shawarar jeri biyu. Na farko shi ne na gaba ɗaya, sau 50 zuwa sama: kalma goma a rana, kwana biyar a mako, cikin mako bakwai ka gama. Na biyu na littafin da kake karantawa ne, inda za ka cire waɗanda ka riga ka sani. Wasiƙar Yohanna ta Fari ta dace da wannan, domin kalmominta mabambanta ba su kai 250 ba. Ka lura da lambar da manhajar ke nuna maka: adadin fitowa a cikin littafin ne, ko a Sabon Alkawari duka? Kalma tana iya cika littafi ɗaya alhali baƙuwa ce a sauran.

Idan ka ga adadinka ya saɓa wa na abokinka, ba lallai wani ya yi kuskure ba. Wasu manhajoji suna haɗa eipon, "na ce", a ƙarƙashin legō, "ina cewa", wasu suna ware shi, kuma bugun Sabon Alkawari na Helenanci mai suna Nestle-Aland na 28, na shekarar 2012, ba daidai yake kalma da kalma da nassin da lambobin Strong na 1890, wato lambobin da aka ba kowace kalma, suka dogara a kai ba.

Tambaya: Ina koyar da Ibrananci a matakin farko. Jerin da na fitar daga littafin Yunusa ya cakuɗe, kuma fassarar Turanci da ke gefen kalmomin ba ta zama a kan ɗalibaina. Me zan gyara? (Wata malama daga Kagoro)

Amsa: Malama, kin zaɓi littafi mai kyau, Yunusa ayoyi 48 ne, Rut kuma 85, dukansu labari ne mai sauƙin bi. Cakuɗewar tana zuwa ne daga yadda Ibrananci ke manna ƙananan kalmomi a jikin manya. Uvabbayit, "kuma a cikin gidan", a ido kalma ɗaya ce, amma a ciki akwai "kuma", da "a cikin", da mai nuna takamaiman abu, da bayit, gida. Ki tabbata nassin da kike amfani da shi mai alamun nahawu ne, wanda ya rarraba waɗannan. Ki duba kuma kalmomi masu rubutu ɗaya da ma'ana biyu, kamar et mai nuna karɓau da et mai ma'anar "tare da". Kada su haɗe a layi guda. In za ki faɗaɗa zuwa Tsohon Alkawari duka, ki ware sassan da aka rubuta da harshen Aramaik: Daniyel 2:4 zuwa 7:28, Ezra 4:8 zuwa 6:18 da 7:12-26, da Irmiya 10:11. Kalmomin Ibrananci da suka fito sau 50 zuwa sama sun ɗan haura 600, wato ninkin na Helenanci, don haka ki ba su lokaci.

Maganar fassara kuwa, a nan mai jin Hausa yake da gata, kuma muna roƙon ki yi amfani da shi. Ki ƙara shafi na ma'anar Hausa, ku cike shi da hannunku a aji. Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, Hausa kuma ta ari kalmomi da yawa daga Larabci. Ɗalibin da ya ji navi annabi ne, mal'akh mala'ika ko manzo, ruakh ruhu ko iska, khokhmah hikima, berakhah albarka, rakhamim rahama, shabbat kuma dangin Asabar, ya samu ƙugiyar da zai rataye kalmar. Amma ki yi wa masu yaudara jan layi. Tsedaqah tana kama da sadaka, alhali a Tsohon Alkawari adalci take nufi. Lekhem gurasa ce ko abinci, ko da yake 'yar'uwarta ta Larabci nama ce.

Aikatau ma haka. Tushe ɗaya yana canza ma'ana bisa sigarsa: lamad a sigar Qal koyo ne, a Piel koyarwa, daidai da koya da koyar, ko saya da sayar. Safar a Qal ƙirgawa ne, a Piel ba da labari. Manhaja takan ba tushen ma'ana ɗaya kawai, don haka ki sa ta ƙirga kowace siga daban, ki yi wa duk wadda ta yawaita katin bitarta.

Tambaya: Na kwashe jerina zuwa Excel don in saka a waya, sai haruffan suka koma alamun tambaya da akwatuna. (Wani fasto daga Maraɗi)

Amsa: Ranka ya daɗe, jerin da ke cikin manhajar bai lalace ba, hanyar buɗewa da adanawa ce. Kada ka danna fayil ɗin CSV, wato wanda manhajar ta fitar maka da jerin, kai tsaye. Ka buɗe Excel tukuna, ka shigo da shi ta sashen Data, ka zaɓi UTF-8, tsarin da ya san haruffan Helenanci da Ibrananci, idan za ka adana kuma ka zaɓi CSV UTF-8. Alamun tambaya suna nufin an adana da tsarin da bai san haruffan ba, sai an sake fitarwa daga manhajar. Akwatuna kuwa rashin salon rubutu ne: ka saka SBL Greek da SBL Hebrew, ko Ezra SIL, duk kyauta. Idan baƙaƙen boko ka gani a hargitse, tsohon fayil ne mai salon da ya riga Unicode, tsarin haruffa na yanzu, irin na manhajar BibleWorks da ta daina fitowa a 2018.

A waya, AnkiDroid, wato manhajar katunan bita ta Anki, kyauta ce a Android. Ka shigo da shafi uku: kalmar, ma'anar Hausa, da guntun aya inda ta fito. A filin Ibrananci ka kunna zaɓin rubutu daga dama zuwa hagu. Anki tana zuwa da sabbin katuna 20 a rana. Ka rage su zuwa 10, domin bitar tsofaffi tana taruwa, kuma daga mako na uku ita ce za ta fi cin lokacinka.