Man kaɗanyar da na haɗa ya yi tsaki-tsaki ya fara wari, ina na kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina da yara uku. Hunturun bana ya sa mu gaba, ƙafafun yaran sun yi furu-furu, ni kuma faso ya hana ni sakat. Sai na ga wani bidiyo a waya na yadda ake haɗa man shafawa a gida, na bi shi. Na narka man kaɗanya a tukunya, na zuba man kwakwa, ruwan alobera, zuma cokali biyu, da ruwan lemun tsami saboda an ce yana sa haske. Na buga ya yi fari tas, har maƙwabciyata ta ce in sayar mata. Bayan sati biyu sai ya koma tsaki-tsaki kamar an zuba yashi, ruwa ya kwanta a ƙasan robar, ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gefe, warinsa ma ya canza. Ina na kuskure? Zai gyaru ko zubarwa zan yi? Kuma ina son in fara sayarwa in Allah Ya yarda.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ki yi haƙuri, wannan kam na zubarwa ne. Ɗigo-ɗigon nan baƙaƙe fumfuna ce, kuma wadda ido ya gani a gefen roba kaɗan ce daga abin da ya riga ya bazu a ciki. Kada ki kwashe saman ki ce sauran lafiyarsa lau, balle a shafa wa yaro a fatar da ta riga ta tsage.

Matsala biyu ce ta haɗu miki a roba ɗaya, kuma ba su da dangantaka da juna. Ɗaya ta lalata man, ɗayar kuwa muni kawai ta sa masa.

Wadda ta lalata shi ita ce ruwa. Alobera kusan dukkanta ruwa ce, haka lemun tsami. Zuma ita kaɗai a kwalbarta takan shekara ba ta yi komai ba, saboda sukarinta ya fi ƙarfin ƙwayoyin cuta, amma da zarar an sirka ta da ruwa ta zama abincinsu. To kin tara musu ruwa da sukari, kin rufe, kin ajiye a ɗaki mai ɗumi. Me ya rage? Mai zalla, wanda ba ɗigon ruwa a cikinsa, fumfuna da ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin zama a ciki, shi ya sa kakanninmu ke ajiye man kaɗe a ƙwarya wata da watanni ba tare da sun sa masa komai ba. Man kanti mai ruwa-ruwa da kike gani yana daɗewa, abu biyu kamfani ke sa masa waɗanda babu su a kicin ɗinki: sinadarin da ke riƙe ruwa da mai kada su rabu, da sinadarin hana ruɓewa, kowanne da awonsa. Bugu da hannu yakan haɗa ruwa da mai na 'yan kwanaki ne, daga nan kowa ya kama gabansa, wanda shi ne ruwan da kika gani ya kwanta a ƙasa. Wasu kan ce a fasa ƙwayar bitamin E a ciki ta tsare shi. Bitamin E tana jinkirta tsufan mai ne, wato wannan warin da tsohon man gyaɗa ke yi, ba ta kashe fumfuna ko kaɗan.

Lemun tsamin kuma ina roƙonki ki raba shi da fatarki gaba ɗaya. Akwai sinadari a cikinsa, musamman a ɓawon, wanda in ya taɓa fata sannan rana ta buge ta yakan ƙone wurin, ya bar tabo mai duhu da kan ɗauki watanni bai gushe ba. An je neman haske an dawo da dabbare-dabbare.

Tsaki-tsakin nan kuwa halin man kaɗanya ne, ba alamar lalacewa ba. Man kaɗe ba mai iri ɗaya ba ne, gauraye ne na kitse masu daskarewa a zafi daban-daban. Namu na Afirka ta Yamma, irin wanda ake kawowa daga Neja, Kwara da Kebbi, ko daga Tamale a arewacin Ghana, yana da kitse mai tauri da yawa, shi ya sa ya fi na Yuganda ƙarfi, wanda shi laushi gare shi kamar man shanu. In kika narka shi kika bar shi ya huce a hankali, mai taurin ne ke fara daskarewa, ya dunƙule shi kaɗai ƙanana-ƙanana kafin sauran su kamo shi. Waɗannan su ne yashin da kike ji. Haka ma in man ya ɗan narke da rana ya sake daskarewa da dare, yau da gobe sai ya yi tsaki. Da a ce babu ruwa a naki, da sai in ce ki sake narka shi ki sanyaya da sauri, shi ke nan ya dawo sumul.

Yanzu ga yadda za ki sake. Tun a kasuwa ake fara gyara. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannu: mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki, ba ya barin datti. Ki shinshina. Ɗan ƙanshin hayaƙi da na gyaɗa-gyaɗa nasa ne na asali, amma in kika ji ƙauri mai ƙarfi ko tsami, ki wuce, don babu turaren da zai rufe shi. Launi kada ya ruɗe ki. Mai ruwan madara da mai rawaya duk kaɗe ne, rawayan yawanci daga saiwar itace ce da ake sakawa lokacin dafawa.

Awon da nake ba masu farawa shi ne kashi 3 na man kaɗanya, kashi 1 na mai mai ruwa. In da gwangwanin madara kike awo, gwangwani uku da gwangwani ɗaya. In kina da ɗan sikelin kicin, giram 150 da giram 50, kuma sikelin ya fi, tunda kina tunanin sana'a. Mai mai ruwan ki zaɓi wanda aljihunki zai ɗauka: man zaitun, man riɗi wanda ba a soya riɗin ba, ko man kwakwa. Ni na fi karkata ga man riɗi da zaitun a hunturu, don man kwakwa yana daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, sai ki tashi da asuba ki tarar haɗin ya yi tauri. A tsakiyar hunturu ma za ki iya mayar da awon kashi 2 da kashi 1 don ya yi saurin shafuwa.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda bidiyoyin nan ba su cika nunawa ba, ita ce kada ki narka shi sam. In kaɗen mai tsabta ne, ki yayyanka shi ƙanana a busasshen kwano, ki murƙushe da bayan ludayi har ya yi laushi, sannan ki riƙa zuba man kaɗan-kaɗan kina bugawa. Da na'urar buga kek minti 10 ya isa. Da maburgi ko muciya sai hannu ya gaya miki, amma yana yi. Man da bai ga wuta ba bai cika yin tsaki ba.

In kuwa kin ga baƙi-baƙin ɓawo ko ƙasa a ciki, dole a narka a tace. Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta yadda kika yi. Ki tafasa ruwa a tukunya, ki rage wuta, ki ɗora kwanon man a bakin tukunyar, tururi ya narka shi, kina lura kada ruwa ya fantsama ciki. Ki bari ya narke duka, ya zama garai-garai ba ko ɗan gudaji, ki tace da busasshen ƙyalle mai tsabta, ki zuba man zaitun ko riɗin ki juya. Daga nan sauri ake so. In akwai wuta ki sa a firji. In babu, ki sayi ƙanƙara ki zuba a babban baho, ki zaunar da kwanon a kai kina juyawa. Idan ya fara kamawa ta gefe, tsakiyar ta yi kaurin kunu, lokacin bugu ya yi. Ki buga har ya yi fari ya kumbura.

Mai ƙorafin maiƙo sai ta zuba ƙaramin cokali ɗaya na farin sitacin masara a kowane kofi na haɗin tana bugawa. Turare kuma madarar turare ta mai za ki sa, kamar ɗigo 20 a giram 100, bayan ya huce. Ban da humra, don yawanci akwai ruwa ko sinadarin turaren fesawa a cikinta. Na yaran ki cire musu nasu tun kafin ki sa turare, jariri kuwa kaɗe zalla ya ishe shi.

Akwai abin da masu bidiyon ƙasashen sanyi ba za su faɗa miki ba, don bai shafe su ba. Man kaɗanya yana fara narkewa ne a wajen zafin jikin mutum, mu kuwa a watan Afrilu zafin Zariya ko Kano ko Sakkwato yakan kai digiri 40 har ya wuce. Wannan kumburin mai ban sha'awa iska ce kika buga a ciki, in ya narke iskar ta fita, roba cike ta koma rabi. Saboda haka in bazara ta kama, ki daina bugawa, ki yi shi daskararre a ƙananan kwalabe, ki narka kakin zuma kaɗan tare da shi, kamar giram 10 a giram 200. Kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, shi zai riƙe miki haɗin. Ki ajiye a inuwa, kusa da randa in kina da ita, ba a kan taga ba.

Yadda ake shafawa ma rabin aikin ne. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi kada iskar hunturu ta kwashe. In kika shafa a busasshiyar ƙafa sai ta yi ƙyalli a sama, ƙasa na nan a bushe. Da an fito wanka, a ɗan tsane jiki da tawul, a shafa tun da sauran danshi. To a nan ne aloberarki za ta yi amfani: ki shafa ta sabuwa a jiki, ki bi da man a kai, kowanne daga mazubinsa. Faso kuma ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki cika wurin da man, ki sa safa ki kwanta. In fason yana jini ko ruwa, ko kina da ciwon suga, asibiti za ki fara zuwa. Robar man kada ta zauna a banɗaki, kuma a riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da jiƙaƙƙen yatsa ba. In an kiyaye haka yakan yi wata shida zuwa shekara. Duk sabon haɗi ki gwada kaɗan a cikin dantse ki jira kwana biyu. Mai yawan ƙurajen fuska kuma kada ta kai wanda ke da man kwakwa fuskarta, yana toshe ƙofofin gashi.

Batun sana'a, Allah Ya sa albarka, amma ki shirya wa tambayar da kowace mai saye za ta yi miki: yana sa haske? Amsar ita ce a'a. Yana sa laushi da sheƙi, yana kwantar da gautsi, fatar da ta daina furu-furu kuma takan fito da launinta na asali. Haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan na gargajiya alhali suna mayar da mutum fari cikin sati biyu, ba kaɗanya ke wannan aikin ba, galibi man tub ne mai sitiroyid ko haidirokwinon ake matsawa a ciki a ɓoye, kuma ƙarshensa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, gwiwa da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Haka nan kada ki yi wa masu ciki alkawarin zai hana nankarwa, ko ki ce yana kare zafin rana kamar man da aka yi don haka. Ki fara da kaɗan, ki rubuta ranar da kika haɗa da abin da ke ciki a jikin kowace roba, ki ajiye guda ɗaya daga kowane haɗi a ɗakinki kina duba yadda zafi ke yi da shi. In kasuwa ta buɗe har za ki sa suna da tambari ki kai shaguna, sai ki nemi rajistar NAFDAC, don kayan shafawa na cikin abubuwan da hukumar ke yi wa rajista. Maƙwabciyar taki kuma, in har kin riga kin ɗibar mata daga wancan na farko, ki aika yaro yau ya karɓo.