Kayan wasan yara na Sallah: da jarin jika 60, saiti nawa za a haɗa?

Wata mai sayar da tufafin yara a Maradi ta aiko da tambaya. Tana da jika 60 (sefa 60,000) a hannu, tana son ta haɗa kayan wasa na gida saiti-saiti don Sallah, na yara ƙanana, ta sayar a gefen hajarta. Me za ta sa a ciki, nawa za ta sayar, kuma za ta iya gogayya da kayan roba na China da suka cika kasuwa?

Hajiya, ba za ki fi roba araha ba, kada ma ki gwada. Abin da za ki fi ta da shi shi ne ƙarko, da kuma kayan da yarinya ta saba gani a tsakar gidansu. Saboda haka ki tsaya a kan saiti iri ɗaya mai kaya kaɗan: ƴar tsana ta ƙyalle mai tsawon santimita 25, ƙaramar tabarmar kaba, faifai, ƙoƙo da ludayi, turmi da taɓarya na itace, duk a cikin ƴar jakar atamfa. Idan Babbar Sallah ce, ki musanya turmin da ragon ƙyalle, wanda maza ma za su so. Kaba ba ta wuya a jihar nan, masu saƙa suna kawo ta daga yankin Gulbin Kaba, kuma ranakun Litinin da Juma'a za ki same su a kasuwa ki yi ciniki da su kai tsaye.

Abin da ke kashe wannan sana'a lokaci ne. Cikin azumi tela ba ya da lokacin kallon ƴar tsana, amma a lokacin ne ƙyallayen atamfa da shadda suke taruwa a ƙarƙashin kekensa. Ki tara ƙyallen azumi ki yi kayan Babbar Sallah da shi, tunda tsakanin sallolin biyu akwai wajen kwana 70. Na Ƙaramar Sallah kuwa, a gama ɗinkinsa kafin a ga watan azumi. Masassaƙi ma ki ba shi aiki da wuri, ki dage a kan busasshen itace. Ɗanyen itace yana da sauƙin sassaƙa, shi ya sa wasu suke son sa, amma da ya sha zafin rumfa sai turmin ya tsage kafin ya je hannun mai saye.

Ga misalin lissafi, ki sa farashin da kika tarar a madadin namu. A ce ƙyalle da zare da audugar cusawa sefa 200, turmi da taɓarya 400, tabarma da faifai 250, ƙoƙo da ludayi 150, jaka 100, ladan ɗinki 300. Ya zama 1,400. Ko da ke ce za ki ɗinka da hannunki, ki rubuta ladan nan, domin ranar da aiki ya yi yawa kika ɗauki mai taya ki, a nan za ki biya ta. Ƙara 200 na sufuri da abin da zai lalace, saiti ya tsaya a 1,600. Ki haɗa 25 kawai, jika 40 ke nan. In kika sayar a kan jika 2 da rabi, sai saiti na 16 ya fita kafin uwar kuɗi ta dawo, sauran 9 su ne ribarki, 22,500 idan duka suka tafi. Wanda ya zuba jika 60 ɗin gaba ɗaya a saiti, ba ya da abin da zai yi motsi da shi idan kasuwa ta nuna masa wani abu dabam take so.

Sauran jika 20 na masu saye na biyu ne, waɗanda aka fi mantawa da su. Iyaye suna fara biyan ɗinki da takalma da cefane, abin wasa shi ne na ƙarshe, kuma da yawa ba sa kaiwa gare shi. Amma ranar Sallah da kwana biyu bayanta, yara ne ke yawo da kuɗin barka da Sallah, sefa 50, 100, 200. Su ba za su sayi saiti ba. Ki tanadar musu ɗaiɗaiku: ƙaramar ƴar tsana, faifai, ƙwallon ƙyalle, kuma ki tanadi canji da yawa tun kafin ranar. Saitin da ya kwana bayan Sallah ma a haka za ki warware shi ki sayar, maimakon ki karya farashinsa.

Sai batun da ba a sassauci a kansa, tunda ƙananan yara komai baki suke kaiwa. Ki naɗe kwali ya zama bututu mai faɗin baki santimita 3 da ɗan ɗoriya. Duk abin da ya shige ciki zai iya maƙale wa yaron da bai kai shekara 3 ba a maƙogwaro, kada ya shiga saiti. Idon ƴar tsana a yi shi da zare, ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, domin su ne ke fara cirewa. Igiyar bakin jaka kada ta wuce santimita 20. Itace a goge shi da samfefa har ya daina kama ƙyalle, a bar shi haka ba fenti. Fentin mota da na ƙofa wasunsu na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba a gane ta da ido. Kada a karɓi guntun katakon gini da aka shafa wa maganin gara. Kaba mai rini kuma ki goga mata farin tsumma mai danshi, in launi ya fita ki sayi fara. Audugar cusawa ta sha rana sosai, in ba haka ba za ta yi fumfuna a cikin jaka, musamman idan Sallah ta faɗo cikin damina.

Zare ko auduga da za ki sayo daga Katsina ko Kano, ki lissafa su da canjin naira na ranar da za ki sake saye, kada ki bi na ranar da kika saya. Kafin ki yanka ƙyallen saiti 25, ki haɗa 3 ki ajiye a gaban rumfa, ki tura hotonsu ta WhatsApp ga matan da ke sayen tufafi a wurinki, wadda ta ce tana so ta ba da rabin kuɗi a ajiye mata.