Yaushe ya kamata a sake odar kaya kafin su yanke?

Malam, ka tambayi lokacin sake oda, tunda wuri ɗaya kake sarin kaya. Ninka cinikin kullum da kwanakin da kaya ke yi a hanya, ka ƙara ajiyar ko-ta-kwana. Idan kana sayar da katan 20 a rana, kaya na kwana 30 kafin su iso, to da zarar sito ya sauka zuwa 600 ban da ajiyar, yi oda.

Kada ka raina ajiyar nan. A Maris 2021 jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suez da ke Masar kwana shida, jiragen dakon kaya suka yi cirko-cirko. Manhajar lissafin kaya tana da amfani, amma ka riƙa ƙirga sito da hannu duk wata, domin adadin da aka shigar bisa kuskure shi za ta nuna maka. Kuma nemi dila na biyu tun yanzu.